Roy Keane da Rikicin Saipan: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ranar 16 ga Mayun 2002 Super Eagles ta je birnin Dublin ta doke Jamhuriyar Ayalan da ci 2-1 a filin Lansdowne Road. Julius Aghahowa da Efe Sodje ne suka ci wa Najeriya. Wasan sada zumunci ne na ban kwana, kafin ƙasashen biyu su kama hanyar gasar cin kofin duniya ta Japan da Koriya ta Kudu. Jagoran masu masaukin baƙi a daren shi ne Roy Keane, kyaftin ɗin Manchester United, ɗan shekara 30, a lokacin da ba za ka lissafa 'yan wasan tsakiya uku na duniya ka tsallake sunansa ba. Mako guda bayan wannan wasa kocinsa Mick McCarthy ya kore shi daga sansani a wani tsibiri mai suna Saipan. Ko minti ɗaya bai buga a gasar ba, kuma daga nan shi da kofin duniya sai dai kallo.

Sama da shekara ashirin ke nan, amma har yau idan kana son ka haɗa mutanen Ayalan biyu faɗa suna tsakiyar hira lafiya, tambaye su wa ke da laifi a Saipan. Wani zai ce Keane ya ci amanar ƙasarsa, ya watsar da abokan wasansa a bakin daga saboda girman kai. Wani kuma, musamman in mutumin Cork ne, garinsu Keane, zai ce shi kaɗai ne ya iya buɗe baki ya faɗi gaskiya, shi ya sa aka kore shi. A wancan makon maganar ta fi ƙarfin shafin wasanni, ita ce kanun labarai a rediyo da talabijin, har firaministan ƙasar Bertie Ahern ya nuna a shirye yake ya shiga tsakani. Ƙasa ce da mutanenta ba su cika miliyan 4 ba a lokacin, don haka da wuya a sami gidan da gardamar ba ta shiga ba.

Ni a ganina tambayar ce gurguwa tun daga tushe. Da zarar an ce "Keane ko McCarthy", an riga an wanke na ukunsu, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, FAI, wadda ta kwashi tawaga ta kai ta bangon duniya babu ƙwallo babu filin kirki. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuwa ya ci gaba da kiwonsa har shekara goma sha bakwai kafin wani ya waiwaye shi.

Sai an san inda mutumin ya fito kafin a gane dalilin da sakaci ke tayar masa da hankali haka. An haifi Keane a 1971, ya tashi a Mayfield, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a arewacin birnin Cork. Yana yaro ya yi dambe, ya kuma buga wa ƙungiyar Rockmount. Sa'o'insa da ake ganin suna da gaba, ƙungiyoyin Ingila na kwashe su tun suna shekara 15 ko 16. Shi kuwa aka ce ya cika ƙanƙanta. Ya zauna ya rubuta wasiƙu zuwa Ingila yana roƙon a gwada shi, bai sami mai ɗauka ba. Ya ƙare a Cobh Ramblers, ƙaramar ƙungiya a rukuni na biyu na gasar cikin gida, daga can ne mai nemo wa Nottingham Forest 'yan wasa ya hango shi. Kocin Forest, Brian Clough, ya saye shi a 1990 kan kuɗin da bai kai fam dubu 50 ba. Bayan shekara uku Alex Ferguson ya biya fam miliyan 3.75 ya kawo shi Old Trafford, kuɗin da wata ƙungiyar Ingila ba ta taɓa biya ba kafin nan.

Sauran tarihin 'yan gidan kallo sun san shi, ko da a bakin yayyensu suka ji: kofin Firimiya 7, kofin FA 4, kyaftin tun 1997 da Eric Cantona ya ajiye takalmi. Amma dare ɗaya ya isa a gane ko wane ne shi. Afrilun 1999 a Turin, wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai, Juventus ta zura biyu cikin minti 11. Keane ya farke ɗaya da ka, can kuma ya yi wa Zinedine Zidane keta aka ɗaga masa katin gargaɗi, katin da ke nufin ko United ta wuce ba zai buga wasan ƙarshe ba. Da wani ne da jikinsa ya yi sanyi nan take. Shi kuwa sai ya ƙara wuta, ya ja ƙungiyar har ta ci 3-2, sannan ya je birnin Barcelona ya kalli wasan ƙarshe daga gefe cikin kwat. A riƙe wannan, domin mutumin nan ne za a zo a tuhuma da gudun wasa.

Matsalarsa da tawagar ƙasa ta girmi Saipan nesa ba kusa ba. Zamanin koci Jack Charlton, daga 1986 zuwa 1995, shi ne lokacin da Ayalan ta fara shiga manyan gasa: kofin Turai na 1988, kofin duniya na 1990 inda ta kai zagayen 'yan takwas, sai na 1994 inda ta doke Italiya 1-0 Keane na cikin fili. Nasarori ne na gaske, sai dai sun zo da wata ɗabi'a: mu ƙaramar ƙasa ce, zuwanmu ma abin godiya ne, a ci a sha a yi waƙa, duk abin da ya samu riba ce. A 1995, ana gobe wasan neman gurbi da Austiriya, tawagar ta yada zango a wani gidan cin abinci, 'yan wasa suka shiga gasar cinye ƙaton kifi da soyayyen dankali. Washegari aka lallasa su 3-1 a gida. Har yau ana ba da labarin ana dariya. Keane shi ma ba waliyyi ba ne, a ƙuruciyarsa ya sha giya ya yi rigima a mashaya, amma zama ƙarƙashin Ferguson da raunin gwiwar da ya kwantar da shi kusan kaka guda a 1997 sun sauya shi, ya koma mutumin da ba ya wasa da shiri. Ya yi ƙorafi kan filin atisaye na Dublin. Ya yi ƙorafi kan abincin da ake ba 'yan wasa kafin manyan wasanni. Ya yi ƙorafi cewa jami'an hukuma na miƙe ƙafa a kujerun alfarma na gaban jirgi, masu yin gumin kuwa suna takure a baya. Duk wannan kafin 2002 ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a FAI kallon mai neman fitina ake yi masa.

Kuma bai tsaya a baki kaɗai ba. Rukunin da Ayalan ta faɗa a neman gurbin 2002 akwai Fotugal ta su Luis Figo, akwai Holan, dukkansu sun kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin Turai na 2000. Ayalan ta buga wasa 10 ba a doke ta ba, ta tashi da maki 24 daidai da Fotugal, Holan ta yi zaman gida. Keane ya ci ƙwallo 4 daga tsakiya, har da wadda ya ci Fotugal a Dublin. Ranar 1 ga Satumban 2001 da Holan ta zo, tun a farkon wasa ya ɗauke Marc Overmars da wata shiga da ta sanar da baƙi irin yinin da za su yi. Ayalan ta ƙarasa wasan da mutum 10, ta ci 1-0 ta ƙafar Jason McAteer. Akwai hoton da aka ɗauka bayan tashi: McCarthy na miƙa masa hannu, shi kuwa ya kau da fuska. Tsamin da ke tsakaninsu tsoho ne, tun wata tafiya Amurka a 1992, lokacin McCarthy na babba a tawaga, Keane kuma sabon yaron da ya makara ya tsayar da mota. Hukuma da ke da ido ta ga wannan hoto, da ta zaunar da su biyun tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Saipan tsibiri ne a tekun Fasifik ƙarƙashin ikon Amurka, ba wurin ƙwallo ba ne. Dabarar McCarthy ita ce 'yan wasa su ɗan huta, jikinsu ya saba da zafi da bambancin lokaci, kafin a wuce Izumo ta Japan inda za a yi atisaye na sosai. A takarda babu laifi. Sai dai tawaga ta sauka bayan tafiyar kusan kwana guda, ta tarar kayan aiki ba su iso ba: babu ƙwallaye, babu rigunan atisaye, babu ruwan da 'yan wasa ke sha don mayar da ƙarfi. Filin da aka tanada busasshe ne mai tauri, irin wanda ke iya jawo wa ɗan wasa rauni ana saura kwanaki a fara gasa. Ranar Talata 21 ga Mayu Keane ya yi cacar baki da mai horar da gololi Packie Bonner da gola Alan Kelly, saboda gololi ba su shiga wasan atisaye ba. Daga nan ya sami McCarthy ya ce zai koma gida. Har an tuntuɓi Colin Healy na Celtic ya maye gurbinsa, sai Keane ya kwana ya sauya shawara bayan ya yi magana da Ferguson da lauyansa. Aka miƙa sunansa ga FIFA. Da a nan maganar ta mutu.

Ranar Alhamis jaridar Irish Times ta fito da hirar da Tom Humphries ya yi da shi, inda ya zayyana abin da ya gani: filin, kayan da ba su zo ba, da halin ko-in-kula. A daren McCarthy ya tara dukan tawaga a ɗaki ɗaya, takardar hirar na hannunsa, ya tuhumi kyaftin ɗinsa a gaban kowa. A cewar Keane da wasu da ke ɗakin, har ya zarge shi da ƙirƙirar rauni don kauce wa wasa na biyu da Iran a Tehran cikin Nuwamban 2001. Keane ya buga na farko a Dublin da ciwon gwiwa aka ci 2-0, bai je na biyu ba. Jin wannan zargi sai ya balle. Ya zazzaga wa McCarthy zagi na mintoci, ya ce bai taɓa ganin girmansa ba, ko a matsayin ɗan wasa, ko koci, ko mutum. McCarthy ya ce ya tattara ya tafi. Manyan 'yan wasa uku, Steve Staunton da Niall Quinn da Alan Kelly, suka zauna gefen koci a gaban 'yan jarida suka mara masa baya.

A kan wannan taro ba ni da wata tantama. Shugaba in yana da matsala da babban na ƙasa da shi, ɗaki suke shiga su biyu a rufe ƙofa. McCarthy ya san Keane shekara goma, ya san abin da ke tunzura shi. Idan bai hango abin da zai faru ba in ya tsitsiye shi a gaban yara, to bai san aikinsa ba. Idan kuwa ya hango ya yi, abin ya fi muni, domin ya zaɓi ya raba ƙasarsa da ɗan wasanta mafi kyau don ya huta da ciwon kai. Iya zama da masu wuyar hali na cikin abin da ake biyan koci albashi dominsa. Ferguson ya zauna da wannan mutum shekara 12 yana cin kofuna da shi, bai rabu da shi ba sai a Nuwamban 2005, lokacin da ƙugunsa ya fara gajiya, kuma ya caccaki abokan wasansa a tashar talabijin ta ƙungiyar bayan Middlesbrough ta ci su 4-1. Wato ya ci moriyarsa har ƙarshe tukuna. McCarthy kuwa ya rabu da shi ana saura kwana tara a fara wasa.

Wannan bai wanke Keane ba. Baki shi ke yanka wuya. Gaskiyar da ke hannunsa tsabar zagi ya lulluɓe ta, har ya ba waɗanda ya kamata su ji kunya mafaka. Bayan ya koma gidansa a Ingila, 'yan jarida na bin sa da kyamara yana yawo da karensa, ƙofa ta sake buɗewa. Ya yi doguwar hira da Tommie Gorman a tashar RTÉ, Niall Quinn na ta kai gwauro yana kai mari a Japan, abin da ake jira kawai kalmar ban haƙuri. Bai furta ta ba. Na fahimci dalilinsa, domin mutumin da aka ce ya yi ƙaryar ciwo yana ganin shi ya kamata a ba haƙuri. Amma akwai dubban magoya baya da suka tara kuɗi, wasu da bashi, suka tsallaka duniya don su gan shi. Su ba su zarge shi da komai ba. Kuma duk mai son ya mai da shi gwarzo mara aibi sai ya tuna da abin da ya yi wa Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling, a Afrilun 2001: ya ɗaga ƙafa ya dira masa a gwiwa, daga baya ya rubuta a littafin tarihinsa abin da ya nuna da gangan ne, aka dakatar da shi wasa 5 aka ci shi tarar fam dubu 150. Mutum ne mai riƙo, kuma riƙon ya cuce shi fiye da yadda ya cuci kowa.

Gasar kanta ta ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Ayalan, da 'yan wasa 22 tun da ba a yarda ta sauya sunan ba, ta yi 1-1 da Kamaru, ta yi 1-1 da Jamus da ƙwallon Robbie Keane a mintin ƙarshe (sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba 'yan'uwa ba ne), ta ci Saudiyya 3-0. A zagaye na biyu ta haɗu da Sifaniya a Suwon, Ian Harte ya ɓarar da fenariti, Robbie Keane ya ci wani a minti na 90, aka tafi ƙarin lokaci. Sifaniya ta buga ƙarin lokacin da mutum 10, domin David Albelda ya ji rauni bayan sun gama canji. Ayalan ba ta iya cin moriyar hakan ba, aka fitar da ita a bugun fenariti. Masu goyon bayan McCarthy na cewa ga shi nan, tafiyar Keane ta haɗa kan yara. Ni abin da nake gani a wannan rabin sa'a shi ne tawagar da ke buƙatar mutum ɗaya a tsakiya da zai daka mata tsawa ta danna gaba, mutumin kuwa yana gida. Wanda ya tsallake wannan wasa Koriya ta Kudu zai tarar a gaba. Irin wannan dama ba ta sake zuwa ba: gasa biyar a jere, daga 2006 zuwa 2022, babu Ayalan.

Mai karatu na Najeriya ba zai ji labarin nan baƙo ba. Tawagar da ta je Dublin a wancan Mayu ita ma babu kyaftin ɗinta. Bayan gasar kofin Afirka ta Mali a farkon shekarar an sallami koci Shuaibu Amodu, aka kawo Adegboye Onigbinde, aka ajiye Sunday Oliseh da Finidi George bisa zargin rashin ɗa'a, bayan takaddama da jami'ai kan haƙƙoƙin 'yan wasa. Maki ɗaya Najeriya ta samo a Japan. Kamarun da Ayalan ta fara karawa da ita kuwa ta makara kwanaki kafin ta isa masaukinta, saboda rigimar alawus da ta tsayar da 'yan wasa a Faris. Bambancin da ke akwai shi ne Keane bai nemi ko sisi ba. Ƙwallo ya nema da fili mai laushi. Duk da haka hukuncin iri ɗaya ne: wanda ya ɗaga murya shi ke tafiya gida, masu ofis su wuce gasa da katin shiga a wuya.

Abu ɗaya da zan yaba wa Ayalan shi ne ta sa an yi bincike, kuma an fitar da sakamakon. Wani kamfanin ba da shawara mai suna Genesis ya duba yadda aka shirya tafiyar, rahotonsa ya fito a Nuwamban 2002. Bai ce Keane ya kyauta ba, amma a kan shiri da tsari ya gaskata mafi yawan ƙorafinsa: hukumar ba ta da tsarin gudanarwa irin na zamani, kuma abin da tawagar ta cimma ba shirin hukuma ne ya kawo shi ba. Babban sakatare Brendan Menton ya sauka. McCarthy ma ya ajiye aiki a watan, bayan Rasha ta ci su 4-2, Suwizalan ta bi su har gida ta ci 2-1, 'yan kallo na rera sunan Keane. Sai aka ce ai an yi gyara.

Ga inda labarin ya fi ba ni takaici. Jami'in da ya riƙa fitowa gaban 'yan jarida a Dublin a makon Saipan shi ne ma'ajin hukumar, John Delaney. Rikicin ne ya sa ƙasa ta san fuskarsa. Zuwa 2005 shi ne shugaban gudanarwa na FAI, kuma ya riƙe kujerar shekara 14. A wasu shekarun albashinsa yuro dubu 360 ne, fiye da ninki uku na kyautar da zakaran gasar cikin gida ke samu. A Nuwamban 2009 Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu a Faris, William Gallas ya ci, Faransa ta tafi kofin duniya Ayalan ta zauna. Hukumar ta yi ta kururuwar a sake wasa. Sai a 2015 aka ji cewa FIFA ta ba ta yuro miliyan 5 a asirce don a bar maganar kotu. A duk tsawon wannan lokaci, idan aka taru a gidan rediyo ko mashaya, gardamar da ta fi daɗin yi ita ce ta Keane da McCarthy. Ta fi sauƙi, tana da fuskoki biyu, kowa na iya zaɓar gwaninsa. Karanta lissafin kuɗin hukuma ba ya tara jama'a.

Akwai abin da na fi riƙe Keane da shi fiye da zagin Saipan. Bayan ya dawo tawaga a 2004 ƙarƙashin koci Brian Kerr, ya rufe da wasa 67 da ƙwallo 9, ya ɗan taɓa Celtic, ya yi ritaya a 2006. Ya zama koci a Sunderland, inda shugaban ƙungiyar ba kowa ba ne illa Niall Quinn, ya ɗauko ta daga ƙasan teburi ya kai ta Firimiya a kakarsa ta farko. A can ya taɓa barin 'yan wasa uku a baya saboda sun makara mota, ka ji mai abin faɗa. A Ipswich abin bai yi kyau ba. Yana can ne a 2009, da aka tambaye shi batun hannun Henry, ya buɗe wa FAI da Delaney wuta a gaban 'yan jarida, ya tuna musu yadda suka yi da shi a 2002. Shekara huɗu bayan haka, a Nuwamban 2013, sai ga shi ya karɓi aikin mataimakin koci Martin O'Neill daga hannun wannan hukuma, ƙarƙashin wannan shugaba. Ya yi shekara biyar a ciki. An sami ranakun daɗi, an doke Jamus 1-0 a 2015, an doke Italiya a kofin Turai na 2016. Amma fushin nan da aka san shi da shi, a waɗannan shekaru kan 'yan wasa ya riƙa sauka, irin su Harry Arter da Jonathan Walters, har da gorin rauni, abin da shi kansa bai yafe wa McCarthy ba. Sama kuwa shiru. Mutumin da ya fi kowa iko da kunnen jama'ar ƙasar, wanda in ya yi tari jaridu za su buga, yana cikin gidan lokacin da rufin ke ruɓewa. Da suka bar aikin a Nuwamban 2018, wanda aka kira ya gaje su shi ne Mick McCarthy.

Abin da ya tono hukumar a ƙarshe ba tsawar kyaftin ba ce. Wani ɗan jarida ne, Mark Tighe na Sunday Times, ya gano cewa a 2017 Delaney ya ranta wa hukumar da yake shugabanta yuro dubu 100 daga aljihunsa, abin da ba a nuna a lissafin da aka fitar ba. Delaney ya garzaya kotu a daren Asabar don a hana buga labarin, alƙali ya ƙi, labarin ya fito a Maris 2019. Bayan kwanaki 'yan kallo suka yi ruwan ƙwallayen tanis a filin Aviva ana wasa da Jojiya. Hukumar wasanni ta ƙasa ta dakatar da tallafi, majalisa ta kira zaman bincike, Delaney ya bar FAI a Satumba. Da aka buɗe littattafai a Disamba sai ga bashin da ya kai yuro miliyan 55. A Janairun 2020 sai da gwamnati da UEFA da banki suka haɗa hannu kafin a hana hukumar durƙushewa, bisa sharaɗin a shigo da mutane masu zaman kansu cikin kwamitin gudanarwa.

Kuɗin da suka tafi biyan bashi kuɗi ne da ba su je filayen unguwa ba, kuma yanzu ne abin ke ciwo. Shekara da shekaru Ayalan ta dogara da Ingila ta rainar mata yara: a kwashe su suna 16, waɗanda suka yi sa'a su dawo su sa koriyar riga. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai wannan hanya ta toshe, domin daga 2021 ƙungiyar Ingila ba ta da izinin ɗaukar yaro daga Ayalan sai ya cika 18. Yaron Cork da ke da baiwa a yau dole shekarunsa mafi muhimmanci su wuce a hannun ƙungiyoyin gida irin su Cork City da Cobh Ramblers, a ƙasar da har zuwa 'yan shekarun nan masu horar da matasa na cikakken lokaci a dukan ƙungiyoyinta ana iya ƙirga su da yatsu.